Fentin Alli da Tsohon Katako: Abin da Bidiyo Ba Ya Faɗa wa Mutumin Kaduna

Sif ɗin mahaifiyata ya haura shekara goma a ɗakin ajiya kafin na waiwaye shi. Da shi aka yi mata jere a Tudun Wada: ƙofa biyu, madubi a tsakiya, sai maza huɗu sun haɗu suke iya ɗaga shi. Da aka sauya kayan ɗaki aka kawo na yayi, irin na MDF mai sheƙi, wato allon da ake yi da garin katako da gam, sai aka tura shi baya aka jibga masa tsofaffin katifu. Na yayin bai ga damina ta huɗu ba. Ruwan goge ɗaki ya riƙa shiga ƙafarsa har ta kumbura kamar burodi, ƙofar ta daina rufuwa. Tsohon kuwa yana nan daram, illa dai fuskarsa ta yi baƙi, banish ɗin da ke kansa ya tsattsage. A wajen neman yadda zan dawo da shi ɗaki ne na ci karo da fentin alli, wanda ake ta nunawa a Instagram da YouTube, ana cewa ba ya bukatar wanki, ba ya bukatar sanfefa, buɗe gwangwani kawai ka shafa. Na gwada, na yi kuskure, na gyara. Maganar tana da ƙanshin gaskiya, amma an gina ta ne a kan katakon wata ƙasa da iskar wata ƙasa.

Wata Baturiyar Ingila mai suna Annie Sloan ce ta fito da wannan fenti a 1990, ta sa masa suna Chalk Paint, daga baya wasu kamfanoni suka biyo da irin nasu. Kada a rikita shi da baƙin fentin da ake shafa wa allon makaranta don a yi rubutu, wannan wani abu ne daban. Tunanin kansa ma ya girmi 1990 nesa ba kusa ba. Ƙarni da dama masu sana'a a Turai suna dama garin alli da gam ɗin fata su shimfiɗa a kan katako kafin su yi zane ko su liƙa ruwan zinariya, mu ma nan mun san farar ƙasa da yadda take kwanciya a bango ba ƙyalli.

Kowane fenti abu uku ne a haɗe: garin da ke ba da launi da kauri, danƙon da ke riƙe garin ya manne, da ruwa ko man da ke ɗauke da su har su bushe. A fentin mai, danƙon ya rinjayi garin, shi ya sa yake bushewa ya zama fata guda mai santsi da sheƙi. A fentin alli an juya lissafin. An cika garin ma'adini, galibi kalsiyam kabonet, wato sinadarin da ke cikin dutsen da ake yin siminti da shi da ɓawon ƙwai, har ya fi ƙarfin abin da danƙon zai iya lulluɓewa. Ka dubi curin fura da aka mirgina a gari, haka fuskar wannan fenti take idan ta bushe. Daga wannan abu guda duk halayensa suka fito, masu kyau da marasa kyau. Ba ya ƙyalli saboda ƙananan ƙwayoyin garin suna watsa haske. Yana rufe tabo da ƙananan ramuka saboda kaurinsa. Yana bushewa cikin abin da bai kai awa guda ba, ba shi da warin tina mai hawa kai, buroshinsa da ruwa ake wankewa, sanfefa kuma tana cinsa cikin sauƙi ya zama gari. To amma fuskar nan cike take da ƙofofi da ido ba ya gani, tana shan ruwa da maiƙo kamar sabuwar randa. Yaro ya dafa da hannun miya, tabon ya zauna. Don haka fentin alli rabin aiki ne, sai an rufe shi da kaki (irin na zuma) ko banish yake cika.

Kafin a kai ga gwangwani, a tsaya a dubi kayan. Kaduna gari ne da ya tara tsohon katako mai kyau fiye da yadda mazaunansa suka lura. Tun 1917 da ta zama hedikwatar Arewa ma'aikatan gwamnati da na jirgin ƙasa ke zaune a cikinta, masaƙar KTL ta buɗe a Kakuri a 1957, wasu suka biyo bayanta, masu albashi suka yi ta sayen gado da tebur da kabad na maɗaci da loko. Irin waɗannan falankai masu faɗi yau ba a samunsu da arha. Madobiya ma, saboda yawan sararta da aka yi ana fitarwa Sin, sai da aka sa ta a 2016 cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar ƙasashen duniya ta CITES ke sa wa cinikinsu ido. Wanda ya ba da kabad ɗin kakarsa aka faskara aka hura wuta, ya ƙona abin da kuɗinsa ba za su sake saya masa ba.

Ni a ganina ba kowane tsohon kaya ya cancanci fenti ba, kuma wannan ita ce shawarar da ta fi kowace nauyi. A jiƙa tsumma a goge wani lungu. In katakon ya fito da jijiyoyinsa ja-ja ko ruwan zuma, lafiya lau ba ɓaraka, to abin da yake so wanki ne da sabon folish, a ƙyale shi ya nuna kansa. Kujerar Nupe da aka sassaƙa daga gungume guda, ko adakar da ke da zanen hannu, shafa musu fenti ɓarna ce, domin fentin ruwa yana shiga ramukan katako, cire shi duka wahala ne. Fentin alli na kayan da fuskarsu ta riga ta lalace ne: wanda aka taɓa yi wa faci da wani katako daban, wanda ruwa ya yi wa tabo, wanda aka riga aka laɓta wa fentin mai, ko wanda tun asali da farin katako marar ado aka yi shi. In kuma kayan na gado ne da ba a raba ba, a nemi yardar sauran magada tukuna. Ni da kaina sai da na tambayi mahaifiyata. Na ce, "Hajiya, in sauya masa launi?" Ta ce in yi, amma kada in taɓa cikinsa.

MDF da ya riga ya sha ruwa ya kumbura ba shi da magani, fenti ba ya mayar da shi. Mai rufin fomaika lafiyayye kuwa yana karɓa, in an kashe santsinsa da sanfefa aka sa andakot, wato fentin shimfiɗa da ake fara shafawa.

Sai ƙwari. In ana ganin gari mai laushi kamar fulawa a ƙarƙashin kaya, da ƙananan huda kamar na allura, akwai ƙwaro a ciki yana ci, ya fi kuma son farin katako. Fenti ba ya kashe shi, ɓoye shi kawai yake yi, bayan wata biyu sai a ga sababbin huda a kan sabon launi. A sa maganin ƙwari irin na kafintoci, a bari ya bushe sarai. Gaɓoɓin da suka saki a sake musu gam a ɗaure. Kowane kafinta a kasuwar Panteka zai yi wannan cikin yini guda, kuma ya fi a kai masa da a yi ta buga ƙusa ana tsaga katakon.

Yanzu ga inda zancen "ba wanki" yake rushewa a gidajenmu. Ɗakin Bahaushiya ɗakin turaren wuta ne. Shekara ashirin hayaƙin yana kwanciya a kan kaya, ya haɗu da man shafawa da humra da ke zuba a gaban madubi, da maiƙon hannu a wajen mariƙi, da folish ɗin fesawa da ake goge kaya da shi, wanda da yawansa akwai silikon a ciki. Fentin ruwa ba ya kama maiƙo. Ko dai ya tattare ya yi idanu tun ana shafawa, ko ya bushe kamar ya kama, sai farce ya taɓa shi ya ɓare. A wanke kayan da ruwan ɗumi da omo da soso, a ɗauraye da tsumma mai tsabta har sai ya daina fitowa ruwan kasa, a bar shi ya kwana ya bushe. Ba a kwarara ruwa ake yi ba, gogewa ce. Bayan haka a bi shi da sanfefa mai lamba 180 ko 220 sama-sama, don a kashe ƙyallin tsohon banish fentin ya sami abin kamawa. Ba a bukatar a kankare har a ga tsiraicin katako.

Akwai gargaɗi a nan da ba na so a tsallake. In tsohon fentin mai ne a kan kayan, yana iya ƙunsar dalma, domin an daɗe ana sa ta a fentin mai, musamman ja da rawaya da kore. Mu a Arewa ba baƙin wannan guba ba ne, mun ga abin da ta yi a Zamfara a 2010, inda ƙurar dutsen zinariya ta kashe yara sama da 400. Ƙura ce hanyarta, yara ƙanana da masu ciki ne kuma ta fi yi wa illa. Kada a goge irin wannan fenti da busasshiyar sanfefa, kada a babbaka shi da wuta. A jiƙa wurin a goge a hankali, a waje, da takunkumi, a nesa da yara, a tattara dattin a ƙulle a leda. A nan fentin alli yana da wata fa'ida ta gaske: tunda ba ya neman a kankare tsohon, ana iya lulluɓe shi in bai ɓarɓare ba. Gadon jariri ko kujerar da yaro zai gatsa dai, in ana shakkar tsohon fentinta, a haƙura da ita.

Kuskurena na farko ya zo ne bayan duk wannan. Na zaɓi launin madara, na shafa, ya yi kyau har na kira mutanen gida su gani. Washegari da safe ƙofofin sun yi dabbare-dabbare ruwan hoda, kamar an watsa musu zoɓo. Na ƙara shafi na biyu, tabon ya sake fitowa, na uku ma haka. Wani dattijon kafinta da na kai wa durowa guda ya duba, ya juya ta ya kalli bayanta, ya ce maɗaci ne, ko shafi goma na yi jan zai biyo ni. Bayanin mai sauƙi ne. Jan katako irin maɗaci da madobiya yana ɗauke da launi da sinadarin tanin, dangin abin da ke cikin bagaruwar da majema ke jeme fata da ita, kuma yana narkewa a ruwa. Fentin alli ruwa ne rabinsa. Duk inda tsohon banish ya tsage ko sanfefa ta huda shi, ruwan fentin yana shiga ya jiƙa katakon, ya tsotso jan ya fito da shi sama yayin da yake bushewa. Kowane sabon shafi sabon ruwa ne, sai ya ƙara tsotsowa. Tsohon hayaƙin turare da maganin ƙwari mai maiƙo su ma haka suke ɓullowa, nasu rawaya-rawaya.

Maganin shi ne a gina katanga tsakanin katako da fenti da abin da ba ruwa ke ɗauke da shi ba. Wanda ya fi kowanne shi ne shalak, wani danƙo da wasu ƙwari ke fitarwa a jikin itatuwa a Indiya da Tailan, ana narka shi a sifirit, yana bushewa cikin mintuna. Shafi biyu marasa kauri sun isa, ana ma iya sa shi a kan fentin da ya riga ya yi tabo a ci gaba daga nan. In ba a samu ba, andakot na mai yana yin aikin, sai dai a ba shi kwana guda ko biyu ya bushe. Tunda mafi yawan tsofaffin kayanmu masu daraja na jan katako ne, ni na ɗauki wannan mataki a matsayin dole ga duk mai son fari ko wani launi mai haske. Mai son shuɗi mai duhu ko kore shar ko baƙi zai iya tsira ba tare da shi ba. A gwada a bayan kayan, a bari ya kwana, da safe za a san gaskiya.

Fentin alli na gwangwani da ake shigowa da shi yana da tsada, shi ya sa mutane da yawa ke haɗa nasu, kuma yana yiwuwa. Hanya ɗaya ita ce da hodar POP, wadda ake yin silin da ita: awo ɗaya na hodar a dama da kimanin awo ɗaya na ruwa har gudaji su mutu, sannan a zuba a awo uku na fentin ruwa. Illarta ita ce POP yana sandarewa idan ya haɗu da ruwa, don haka a haɗa iya abin da za a shafa a zama guda, ragowar kuma kada a zuba a magudana. Hanya ta biyu, wadda na fi so, ita ce da garin kalsiyam da masu sayar da kayan haɗa fenti ke ajiyewa: awo ɗaya, a dama da ɗan ruwa, a awo biyu na fenti. Shi ba ya sandarewa, ya fi laushi a hannu, in an rufe robar da kyau yana jira. Tarkon da ke nan shi ne fentin da za a zuba wa garin. Imalshan mai arha na bokiti tun daga masana'anta cike yake da kalsiyam, danƙonsa kaɗan ne, shi ya sa yake shafar rigar wanda ya jingina da bango. In aka ƙara masa gari, farar ƙasa aka dama. A nemi mai kyau, na akirilik, irin wanda ake iya goge bango da jiƙaƙƙen tsumma bai fita ba. Lita guda tana isar sif babba har ta yi saura, don haka ba nan ne wurin tsumulmula ba. A sani kuma farin gari yana kashe kaifin launi kaɗan, kaki ko banish ne ke dawo da shi daga baya.

Shafawar kanta ba ta da wuya. Buroshi mai laushi, shafi biyu marasa kauri, a bar na farko ya bushe, a bi shi da sanfefa mai laushi kafin na biyu. A cire mariƙai da makullai tukuna.

Lokacin shekara ya fi hannu tasiri. Katako yana kumbura da damina, yana tsukewa da hunturu, kowa ya san ƙofar da ke ƙin rufuwa a Agusta ta koma tana lilo a Janairu. In aka yi fenti a tsakiyar damina, bushewa na jinkiri, kuma idan iska ta bushe falankin tsakiyar ƙofa ya ja jiki, sai a ga siririn layin tsohon launi ya leƙo a gefensa. Yin fenti da rani, lokacin da katakon ya gama tsukewa, yana kawar da wannan. Amma hunturun Kaduna da nasa halin: fentin yana bushewa a bakin buroshi kafin ya kwanta, ya bar sawu, ƙura kuma tana sauka a kan duk abin da ke da danshi. Ina yin nawa a cikin ɗaki, tagogin da ke fuskantar iska a rufe, in yayyafa ruwa a ƙasa don ƙura ta kwanta, in sirka fentin da ɗan ruwa, in riƙa ɗiba kaɗan-kaɗan a kwano robar tana rufe. Watan Nuwamba, bayan ruwa ya ɗauke kafin hazo ya yi kauri, ya fi mini kowane.

Rufin ƙarshe shi ne makubar wannan daɓe. Masu bidiyo kaki suke so, kuma lallai yana ba da wani laushi da ɗan haske mai nutsuwa da banish ba ya bayarwa. Ana murza shi da tsumma ko buroshi ya shiga ƙofofin fentin, a goge rarar nan take, washegari a murje da busasshen ƙyalle. Kaɗan ake sawa, wanda ya laɓta zai tarar da kaya na danƙo suna kama ƙura. Yana kuma ɗaukar mako biyu zuwa uku kafin ya yi tauri sosai, a tsakanin nan a lallaɓa kayan. Ana iya yinsa a gida da kakin zuma: a narka awo ɗaya a kwano da aka ɗora a kan ruwan zafi, a sauke nesa da wuta, a zuba awo uku na tafentain, man da ake sirka fentin mai da shi, a juya har ya huce. Kada a kusantar da tafentain da harshen wuta, kada kuma a musanya shi da man gyaɗa, zai yi ɗoyi. Sai dai kakin zuma yana narkewa ne a wajen digiri 62 zuwa 64, yana kuma fara laushi tun kafin nan. Teburin da za a ɗora wa kular abinci da butar shayi, ko kayan da ranar Maris da Afrilu ke duka ta taga, ko na kicin, kaki ba zai riƙe su ba. Waɗannan banish na ruwa marar ƙyalli suke so, shafi biyu ko uku. Banish na mai yana komawa rawaya a kan fari. A kiyaye jerin kuma: ana iya sa kaki a kan banish, amma banish ba ya kama kaki, wanda ya fara da kaki sai ya wanke shi da tafentain kafin ya sauya shawara.

Saura abu guda da nake ganin bai kamata mu kwafo ido rufe ba. Yawancin hotunan da ake nunawa an bi gefunan kayan da sanfefa da gangan, an kankare fentin don ya yi kamar ya tsufa. Can wannan ado ne, yana tuna musu gidajen ƙauyen Faransa. A ɗakin amarya a Unguwar Rimi ko Rigasa, baƙuwar da ta ga gefen kabad a goge za ta ɗauka rashin kula ne, kuma ba ta yi laifi ba, domin mu tsabta da cikar kaya muke dubawa. Fentin bai wajabta wannan salo ba. Ana iya shafa shi sumul, a murje shi ya yi laushi kamar ƙwai. Abin da na ga ya dace da idonmu shi ne a kan kayan da ke da sassaƙa: bayan kaki marar launi, a cusa ɗan kaki mai duhu a cikin ramukan zanen a goge saman, sai furannin da kafinta ya sassaƙa su fito fili.

Sif ɗin yanzu yana ɗakina, launin madara bisa shalak shafi biyu, kaki a jikinsa, banish a saman inda ake ajiye kaya. Mariƙansa na tagulla ne ashe, da toka da lemon tsami na goge su. Ya ga damina biyu, na ƙara masa kaki sau ɗaya a wajen ƙofofi inda hannu ke yawan taɓawa. Cikinsa ban shafa komai ba kamar yadda Hajiya ta ce, jan maɗacin yana nan, in an buɗe har yanzu ƙamshin turarenta ne ke fara fitowa.